Yadda Ake Kiwon Kaji a Bayan Gida da Ƙyanƙyasar Ƙwai

Wanda yake da ɗan fili a bayan gidansa ko a ƙaramar gonarsa, kuma yake sha'awar ajiye kaji don ya riƙa samun ƙwai da 'yan tsaki, yakan fara lissafinsa ne daga injin ƙyanƙyasa, alhali kuwa injin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya shigo gidan. Yawan 'yan tsakin da za su fito a rana ta 21 ya rataya ne a kan abubuwan da suka wuce tun kafin a sa ƙwai a inji, wato lafiyar kazar da ta saka shi, da ƙarfin zakaran da ya barbare ta, da tsabtar gurbin da ya faɗa a ciki, da kuma yadda aka ajiye shi a kwanakin da yake jira. Inji ba ya gyara ƙwan da ya zo da rauni. Saboda haka bayanin nan zai bi aikin yadda yake zuwa, daga akurki zuwa kaza, daga kaza zuwa ƙwai, sannan zuwa ɗan tsako.

Akurki da filin yini

Abin da kaza take nema a ɗakinta ba shi da yawa, amma ba ta jure rashinsa: ƙasa busasshiya, iska mai shiga da fita, sandar da za ta hau ta kwana, da kariya daga abin da zai kama ta da dare. Ƙiyasin da masu kiwo suka saba bi shi ne kowace kaza matsakaiciya ta samu kusan kashi ɗaya bisa uku na murabba'in mita a cikin ɗaki, sannan murabba'in mita ɗaya a filin da take yini. Wanda ya ba su fiye da haka bai yi asara ba, domin cunkoso shi ne tushen saran juna, da figar gashi, da fasa ƙwai a shanye. A sandar kwana a ware wa kowace kaza santimita 25 zuwa 30, kuma a ɗaga sandar ta fi akwatunan saka ƙwai tsayi, don kaza wuri mafi tudu take nema ta kwana, idan kuwa akwati ya fi tsayi to a cikinsa za ta kwana ta cika shi da kashi. Akwati ɗaya mai faɗin santimita 30 ya ishi kaji 4 ko 5, a sa shi a gefe mai ɗan duhu, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ko dusar katako mai gwaɓi.

Maganar iska ita ce wadda sababbin masu kiwo suka fi kuskurewa, saboda tausayi yakan sa su toshe kowace kafa don kada kaji su ji sanyi. Kashin kaji yana fitar da tururin ammoniya, numfashinsu kuma yana cika ɗaki da danshi, waɗannan biyun kuwa su ne suke ƙona hanyar numfashin kaza su buɗe wa cututtuka ƙofa. A buɗe tagogi can sama, sama da inda kawunan kaji suke kaiwa idan sun hau sanda, don gurɓatacciyar iska ta fita ba tare da ta riƙa dukan jikinsu ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mai kiwo ya durƙusa da safe ya kai hancinsa daidai tsayin kaza. Idan warin ya yi masa yaji a hanci ko a ido, to iskar ɗakin ba ta isa ba, ko kuma shimfiɗar ƙasa ta jiƙe. Kaza mai cikakken gashi tana jure sanyi muddin busasshe ne, zafi ne ya fi wahalar da ita, domin zafin jikinta yana kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyos kuma ba ta yin gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai. Inuwa da ruwa mai sanyi a lokacin zafi wajibi ne.

Game da maharan kaji, kamar shaho da shirwa da rana, da muzuru, da kare, da ɓera, da maciji da dare, raga mai ƙananan idanu, kamar santimita ɗaya da 'yan kai, ta fi ragar kaji ta yau da kullum da ake iya yagawa. A binne gindin ragar kamar santimita 30 a ƙasa saboda masu tono, a kuma rufe ƙofa kowace magariba ba fashi.

Waɗanne kaji, kuma guda nawa

Shawarata ga mai farawa ita ce ya sayi matasan kaji mata 4 zuwa 6 da suka kusa fara saka ƙwai, ya zauna da su wata da watanni yana koyon halinsu kafin ya yi tunanin ƙyanƙyasa. Kaza takan fara saka ƙwai tana da makonni 18 zuwa 22, kuma ba ta buƙatar zakara don ta saka. Aikin zakara shi ne ya sa ƙwan ya zama mai rai. Kajin da kamfanoni suka haɗa don ƙwai, irin su ISA Brown, suna iya kaiwa kusan ƙwai 300 a shekararsu ta farko, sai dai da wuya su yi kwanci, kuma 'ya'yansu ba sa fitowa daidai da iyayensu. Haka ita ma Leghorn ba mai kwanci ba ce. Mai son ya riƙa ƙyanƙyasar nasa ya fi dacewa da jinsi tsayayye irin Rhode Island Red, da Sussex, da Plymouth Rock, waɗanda suke ba da ƙwai da nama gwargwado. Silkie da Cochin da Orpington sun yi suna wajen kwanci, haka kuma kajin gargajiya da ba a taɓa jinsinsu ba, waɗanda ƙwansu kaɗan ne amma ba su da na biyu wajen reno.

Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Idan kajin sun yi masa yawa, ƙwai da dama za su fito ba rai, idan kuma sun yi kaɗan zai dame su har bayansu ya zama babu gashi. Akwai wani abu da ya kamata mai ƙyanƙyasa ya sani: kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har makonni 2 ko fiye, don haka wanda yake son 'ya'yan wani zakara na musamman sai ya raba kazar da tsohon zakaran na kusan makonni 3 kafin ya fara tara ƙwai. Yana da kyau kuma a riƙa shigo da sabon zakara daga wani garke bayan shekara ɗaya ko biyu, domin idan uba ya ci gaba da barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasa takan ragu, 'yan tsaki kuma su riƙa fitowa da rauni. Kafin a kawo zakara a duba dokar wurin da ake zaune, a kuma yi la'akari da maƙwabta, saboda cararsa.

Abinci da ruwa

Kaza mai saka ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, tana kuma shan ruwan da ya kai ninki biyu na wannan, fiye da haka ma idan ana zafi. Abincinta yana buƙatar furotin kusan kashi 16 cikin 100 da sinadarin kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, saboda da kalsiyam take gina ɓawon ƙwai, idan kuma bai ishe ta ba daga ƙashinta za ta ɗiba. Hatsi zalla ba ya biyan wannan buƙata. Ana iya watsa masu ɗan hatsi da ganye da ragowar kayan lambu, amma kada ya wuce kashi ɗaya bisa goma na abin da suke ci. A ajiye masu busasshen ɓawon ƙwai da aka daka a wani kwano daban su ɗauka gwargwadon buƙata, da kuma ƙananan tsakuwa idan ba sa fita kiwo, domin da tsakuwa ƙundu yake niƙa abinci. Abincin da ya yi funfuna a zubar da shi kawai, saboda gubar da ke cikinsa tana lalata hanta tana kuma rage ƙyanƙyasa.

Duk abin da ɗan tsako zai rayu da shi na kwanaki 21 yana cikin ƙwan tun ranar da aka saka shi, don haka kajin da za a ɗauki ƙwansu su samu cikakken abinci na makonni kafin a fara tarawa. Ƙwan kazar da take fama da ƙarancin bitamin zai iya yin kyau a ido, amma ɗan tayin ya mutu a kan hanya.

Kaza tana buƙatar hasken awa 14 zuwa 16 a rana don ta ci gaba da saka ƙwai sosai, shi ya sa ƙwai yake raguwa idan rana ta gajarta ko lokacin da take zubar da gashi.

Lafiya

Mafi yawan cututtuka a ƙafa suke shigowa, ko ƙafar sabuwar kaza ko takalmin baƙo. Duk kazar da aka sayo a killace ta nesa da sauran har makonni 3 zuwa 4 ana lura da ita, kuma kada a bar tsuntsayen daji su ci ko su sha tare da kaji. Cutar Niyukasil tana iya share garke a 'yan kwanaki kuma ba ta da magani sai rigakafi; haka cutar Gumboro da ke kama ƙananan kaji, da cutar Marek wadda ake yi wa allura tun ranar farko ta rayuwar tsako. Jadawalin rigakafi ya bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka likitan dabbobi ne zai tsara shi. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya da yawa, a sanar da hukumar kula da lafiyar dabbobi nan take saboda yiwuwar murar tsuntsaye, kada a yanka, kada a sayar. Ƙuma da ƙwarƙwata kuwa ana rage su ta hanyar ba kaji busasshiyar ƙasa da za su yi birgima, da duba tsagogin sandar kwana da tocila da dare, don akwai irin da suke ɓuya da rana su fito shan jini idan duhu ya yi. Kaza mai kamar lafiya tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wadda ke kama mutane, saboda haka a wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji ko ƙwai, musamman hannun yara.

Zaɓen ƙwai da ajiye shi

A nan ne ake cin nasarar ƙyanƙyasa ko a rasa ta. A riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana don kada ya daɗe a rana ko ya ɓaci da kashi. A zaɓi matsakaici mai siffar ƙwai ta asali da ɓawo mai santsi da ƙwari. A ware mai girma ainun, domin sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi kuma da wuya ya ƙyanƙyashe. A ware ƙarami, da zagayayye, da dogo, da mai tsaga ko da siririya ce. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tayi yake numfashi ta cikinsu, kaza kuma tana shafe shi da wani siririn lulluɓi da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Wanki yana cire wannan lulluɓi, ruwan da ya fi ƙwan sanyi kuma yana sa ya zuƙo dattin waje zuwa ciki. Ɗan tabo kaɗan a kankare shi da busasshen ƙyalle, ƙwan da ya yi kaca-kaca kuwa a haƙura da shi, domin ƙwai ɗaya mai datti yana iya gurɓata inji gaba ɗaya.

Ana ajiye ƙwan ƙyanƙyasa a wuri mai sanyi, tsakanin digiri 12 da 16, tsininsa yana kallon ƙasa, saboda jakar iskar da ke cikin ƙwai tana ɓangare mai faɗi kuma ana so ta zauna a wurinta. Firiji ya yi masa sanyi da yawa, ɗaki mai zafi kuma yana sa ɗan tayi ya fara girma ba bisa ƙa'ida ba har ya raunana. Kada ajiyar ta wuce kwanaki 7, domin daga nan ƙarfin ƙyanƙyasa yake fara sauka, bayan kwanaki 10 kuwa saukar takan yi sauri. A rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai da fensir. Ƙwan da aka kawo daga nesa a bar shi ya huta yini ɗaya a tsaye, wanda kuma aka ɗauko daga wuri mai sanyi a bar shi 'yan awoyi ya ɗauki ɗumin ɗaki kafin ya shiga inji, don kada raɓa ta kwanta a jikinsa.

Idan kaza ce za ta yi kwanci

Ga mai ƙaramin kiwo, kaza mai kwanci ta fi kowane inji sauƙi, domin ita za ta daidaita zafi, ta juya ƙwai, ta kuma reni 'ya'yan bayan sun fito. Ana gane ta da zama a gurbi dare da rana, da kumbura gashi da gurnani idan an taɓa ta, da fige gashin ƙirjinta. A gwada ta kwana 2 ko 3 a kan ƙwan da ba a damu da shi ba, idan ta tsaya sai a sa mata na gaske da dare, duka a lokaci guda, 10 zuwa 12 ga matsakaiciyar kaza, ko adadin da jikinta zai rufe ba tare da wani ya leƙo ba. A keɓe mata wuri don kada wasu kaji su riƙa ƙara mata sababbin ƙwai, a sa abinci da ruwa kusa amma ba a cikin gurbi ba, domin tana buƙatar tashi sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi kashi. Kafin ta zauna a duba jikinta da gurbinta saboda ƙuma, don kaza mai kwanci ba ta gudu, za su iya shanye mata jini har ta mutu a kan ƙwanta.

Idan inji ne

A ajiye inji a ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka, nesa da taga da hasken rana, a wanke shi a tsabtace, sannan a kunna shi babu ƙwai na aƙalla awa 24 ana lura. Ba na ba kowa shawarar ya dogara da lambar da ke jikin injin kaɗai. A sa wani ma'aunin zafi na daban da aka tabbatar da ingancinsa, da ma'aunin danshi, domin kuskuren rabin digiri da ya ɗore makonni 3 ya isa ya ɓata aiki. Inji mai fanka yana buƙatar digiri 37.5. Wanda ba shi da fanka, da yake zafinsa yana taruwa a sama, ana auna shi daidai saman ƙwai kuma ana so ya kasance tsakanin 38.3 da 38.9. Zafin da ya gaza kaɗan yana jinkirta fitowa, wanda ya ɗara kaɗan yana gaggauta ta ya kuma kawo nakasa, wanda ya haura digiri 40 kuwa yana iya kashe ɗan tayi cikin 'yan awoyi. Bayan an zuba ƙwai zafin injin zai sauka na ɗan lokaci. Kada a taɓa maɓallin, zai dawo da kansa. Idan wutar lantarki ta ɗauke, a bar murfi a rufe a lulluɓe injin da bargo, domin ɗan tayi ya fi jure sanyi na 'yan awoyi a kan zafin da ya wuce kima.

Danshi ya fi zafi wuyar ganewa, amma dalilinsa a fili yake. Dole ne ƙwai ya yi asarar ruwa a hankali ta ƙofofin ɓawonsa don jakar iska ta faɗaɗa, saboda daga cikinta ne ɗan tsako zai yi numfashinsa na farko. Ana so ya rasa kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa kafin rana ta 18, wato ƙwai mai giram 60 ya ragu da kusan giram 7. Danshin kashi 50 zuwa 55 cikin 100 yakan kai ga haka a kwanaki 18 na farko. Idan danshi ya yi yawa jakar iska takan zauna ƙarama, tsako ya kumbura da ruwa ya kasa fita. Idan ya yi kaɗan tsako yakan fito ƙarami ko ya manne da tantani. Faɗin saman ruwan da ke cikin injin ne yake ƙayyade danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai, don haka mai son ƙari sai ya cika wani mazubin ko ya sa soso mai tsabta. Wanda yake da ƙaramin sikeli ya auna ƙwansa ranar farko, ya sake aunawa a rana ta 7 da ta 14. Wannan ya fi kowane ma'aunin danshi faɗin gaskiya. Ƙofofin iska na injin kuma kada a toshe su don neman danshi, domin buƙatar iskar ɗan tayi ƙaruwa take yi yayin da yake girma.

Juya ƙwai yana hana ɗan tayi mannewa da ɓawo, kuma ya fi muhimmanci a makon farko. Idan injin ba ya juyawa da kansa, a sa alama a gefe ɗaya da wata alamar daban a ɗaya gefen, a juya sau 3 ko sau 5 a rana da hannu mai tsabta. Hikimar juyawa sau 3 ko 5, maimakon 2 ko 4, ita ce kada ƙwai ya kwana a gefe guda dare biyu a jere.

A rana ta 7 a haska ƙwai da tocila mai ƙarfi a ɗaki mai duhu, a ɗora hasken a ɓangare mai faɗi. Mai rai zai nuna ɗan ɗigo mai duhu da jijiyoyin jini suna bazuwa daga gare shi kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa shi tas ba shi da rai tun asali, wanda kuma ya nuna jan zobe a kewaye ya fara girma ya mutu. Ƙwai mai duhun ɓawo a jira shi zuwa rana ta 10, wanda aka yi shakka a kansa a sa masa alama a sake dubawa. A rana ta 14 mai rai zai yi duhu ya cika yawancin ɓawo. Duk wanda aka tabbatar ya mutu, ko yake wari, ko yake tsatsafo da ruwa, a fitar da shi kafin ya fashe a kan sauran.

Kwanaki uku na ƙarshe

A rana ta 18 ake daina juyawa, a cire abin juyawar, a kwantar da ƙwai a kan shimfiɗa mara santsi, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 zuwa 70 cikin 100, sannan a rufe inji. A wannan lokaci ɗan tsako ya riga ya juya kansa zuwa ɓangare mai faɗi, yana jawo ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, sai ya huda tantani ya shiga jakar iska, kuma daga nan ake fara jin kukansa tun bai fito ba. Bayan haka zai fasa ɗan rami a ɓawo da wani ƙaramin tsini da ke kan bakinsa, ya huta, sannan ya zagaye ɓawon ya ture murfin. Tsakanin ramin farko da fitowa ana iya ɗaukar awa 12 zuwa 24, kuma wannan jiran shi ne ya fi gwada haƙurin mai kiwo.

Buɗe inji a wannan lokaci yana fitar da danshi, tantani ya bushe ya ɗaure waɗanda suka riga suka huda. Ɓare wa tsako ɓawo kafin lokacinsa ya fi haka muni, saboda jijiyoyin tantanin ba su gama janye jininsu ba, gwaiduwa kuma ba ta gama shigewa ba, don haka taimakon yakan zama ajalinsa. Wanda ya fito a bar shi a ciki ya bushe gashinsa ya tashi. Gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi har kwana 2 ba ci ba sha, don haka babu gaggawa. A jira har rana ta 23 kafin a yanke ƙauna da sauran.

Daga ƙwan gida masu rai, samun 7 ko 8 cikin 10 sakamako ne mai kyau. Baragurbin da ya rage a fasa shi a waje a duba, domin shi ne zai nuna inda matsala take. Idan yawancinsa babu alamar tayi, a dubi zakara. Idan tayin ya mutu da wuri, a dubi ajiya da zafi. Idan tsako ne cikakke da bai huda ba, a dubi danshi, da iska, da juyawa, da abincin iyaye. A rubuta wannan duka a littafi tare da zafi da danshin kowace rana, a wanke inji tun dattin bai bushe ba.

Sauran tsuntsaye suna da nasu kwanakin: agwagwa 28, sai dai irin Muskobi da ke kaiwa 35, talo-talo 28, zabuwa 26 zuwa 28. Bai dace a haɗa su da ƙwan kaza a zubi ɗaya ba, saboda ranar daina juyawa da ƙara danshi ba ɗaya ba ce.

Renon 'yan tsaki

Wurin reno ya kasance a shirye da ɗuminsa kafin tsako na farko ya fito. A makon farko ana so zafi a ƙarƙashin abin ɗumama ya kai digiri 33 zuwa 35, a riƙa ragewa da kusan digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika a wajen makonni 6. A sa ɗumin a gefe ɗaya don su samu inda za su ja baya. Su kansu za su nuna halin da suke ciki: idan sun dunƙule a ƙarƙashin fitila suna kuka sanyi suke ji, idan sun watse zuwa bango suna haki zafi ya yi yawa, idan suna yawo suna ci suna kwanciya ko'ina to lamari ya daidaita. Fitilar ɗumama a ɗaure ta da kyau ta hanya biyu, domin faɗuwarta a kan busasshiyar shimfiɗa gobara ce.

Kada a shimfiɗa masu takardar jarida ko leda, santsinsu yana sa ƙafafun tsako su baje ya kasa tsayuwa. A tsoma bakin kowane ɗaya a ruwa lokacin da ake sa shi, a zuba tsakuwa masu tsabta a mazubin ruwan don kada wani ya nutse. Abincinsu shi ne na farawa mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100 har makonni 6 zuwa 8, sannan na masu tasowa. Abincin masu saka ƙwai bai dace da su ba, saboda yawan kalsiyam ɗinsa yana lalata masu ƙoda. A duba duburarsu kullum a makon farko, idan kashi ya toshe ta a jiƙa da ruwan ɗumi a goge a hankali. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gidan cutar koksidiyosis, wadda takan bayyana da kashin jini da takurewa, don haka a kwashe duk inda ruwa ya zube, a nemi likita da zarar an ga alama.

Kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe zakaru ne, kuma wannan magana ce da ya kamata a yanke tun kafin a sa ƙwai a inji: za a yanka su, ko za a bayar, ko za a ware masu wuri. Barin su cikin garke yana jawo faɗa da wahalar da kaji mata. Ƙananan da za su zauna kuma kada a sake su cikin manya sai girmansu ya kusa zuwa ɗaya, bayan sun yi kamar mako guda suna ganin juna ta bayan raga. A ranakun farko na haɗuwa a ƙara mazubin abinci da na ruwa don manya kada su tsare su, a ciyar da garken duka da abincin masu tasowa, a bar dakakken ɓawon ƙwai a gefe don masu saka ƙwai su ɗauka, har ƙananan su kai makonni 18.